Hoton Igiyar Teku da Faɗuwar Rana a Launi Ɗaya: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi maimaituwa a tsakanin masu ɗaukar hoton teku da yamma, musamman masu son fitar da shi a baƙi da fari ko a wani launi guda. An fara da na tushe, sannan na saitin kyamara, sannan na gyara da bugawa.

Me ake nufi da hoto mai launi ɗaya? Ba shi ne baƙi da fari ba?

Baƙi da fari ɗaya ne daga cikinsu. Hoto mai launi ɗaya shi ne wanda komai a cikinsa ya fito daga launi guda, daga mafi duhunsa zuwa mafi haskensa. Idan launin toka ne, sai mu ce baƙi da fari. Idan ruwan ƙasa ne kamar na tsofaffin hotuna, ko shuɗi daga sama har ƙasa, shi ma launi ɗaya ne. Abin da ya haɗa su duka shi ne hoton ba ya iya bambanta abu biyu ta launi, sai ta yawan haske kaɗai.

Ai launi shi ne kyan faɗuwar rana. Me ya sa mutum zai cire shi?

Tambayar tana da gaskiya, kuma akwai yammacin da cire launinsa ɓarna ce. Idan gajimare ya kama ja da ruwan goro daga wannan gefe zuwa wancan, teku kuma ya kwanta shiru, launin shi ne hoton, a bar shi.

Amma faɗuwar rana tana ba da abu biyu: launi da kuma hasken da ke zuwa a kwance. Na biyun shi ne dukiyar mai ɗaukar igiyar ruwa. Da tsakar rana haske yana sauka daga bisa, ya shafe tudu da kwarin ruwan. Da yamma kuwa yana sharar fuskar teku daga gefe, kowane ƙunƙumin ruwa ya sami ɓangaren haske da ɓangaren inuwa, kumfa ta yi fari fat, feshin da ke tashi daga kan igiya ya haskaka daga baya. A hoto mai launuka, jan sama ne ke fara ɗauke ido, mai kallo ya ce "kai, ya yi kyau" ya wuce, bai ma ga ruwan ba. Da an cire launin, ido ba shi da wurin zuwa sai kan siffar igiyar.

Gwajin da za ka yi a bakin teku mai sauƙi ne: runtse ido ka dubi abin da kake son ɗauka har launukan su dusashe. In har yanzu kana ganin wuri mai tsananin haske, wuri mai duhu, da wata siffa da ta fito fili, hoton zai tsayu a launi ɗaya. In komai ya haɗe ya zama abu guda, babu gyaran da zai cece shi a kwamfuta.

Wane lokaci ya kamata in isa wurin?

Aƙalla awa ɗaya kafin rana ta faɗi, domin ka zaɓi wurin tsayawa tun da sauran haske kuma ka karanci yadda ruwan ke zuwa. Hasken da ake nema yana farawa ne idan rana ta sauko zuwa kusan digiri 6 a saman layin teku. A lokacin haskenta yana ratsa iska mai kauri sosai kafin ya iso, shuɗin cikinsa ya warwatse a hanya, sai ja da rawaya su iso. A ma'aunin Kelbin, wanda ke auna launin haske, hasken tsakar rana yana kusan 5,500, na dab da faɗuwa kuma yakan sauko wajen 3,000 ko ƙasa da haka.

Kada ka naɗe kaya da zarar ranar ta nutse. Tsakanin faɗuwarta da lokacin da ta kai digiri 6 a ƙasan layi akwai haske mai laushi wanda ya fi dacewa da doguwar ɗauka, wato barin shota, ƙofar da haske ke shiga kyamara, ta daɗe a buɗe, don ba sai ka sa filtar rage haske ba. A kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu wannan tazara ba ta wuce minti 20 da ɗoriya, amma tana ƙara tsawo idan aka nausa arewa ko kudu mai nisa. Gaɓar da ke fuskantar yamma tana ba ka hasken bayan igiya. Wadda ke fuskantar gabas tana ba ka hasken da ke dukan fuskar igiyar daga bayanka, ya fi sauƙin sarrafawa, sai dai bai kai wancan armashi ba.

Dole sai da babbar kyamara? Waya ba za ta yi ba?

Za ta yi, in tana ba ka damar saita saurin shota da kanka da kuma adana hoton RAW, wato ɗanyen fayil da ba a sarrafa ba, wanda a wayoyi da yawa yake fitowa da sunan DNG. A iPhone, hoton Live yana riƙe kusan daƙiƙa 3 na motsi, kuma ana iya mayar da shi doguwar ɗauka daga baya. Inda waya ke gazawa shi ne wuraren duhu, domin na'urar karɓar haskenta ƙarama ce, sai inuwa ta cika da ɗigo-ɗigo. Abin da ba makawa ga kowa, mai waya da mai kyamara, shi ne mazauni mai ƙafa uku da ƙyalle mai laushi na goge gilashi.

Wane saurin shota zan sa?

Wannan ne babban zaɓi, ya fi zaɓin launi nauyi, domin shi ne ba a iya canzawa daga baya. Shota ita ce ƙofar da ke buɗewa haske ya shiga, kuma tsawon lokacin da ta yi a buɗe shi ke nuna ko ruwan zai tsaya cak ko zai gudana. A 1/1000 na daƙiƙa ko mafi sauri, igiya tana daskarewa, a ga kowane ɗigo a iska. Irin wannan ya dace da gilashi mai jawo nesa da igiya mai fashewa a kan dutse, kuma sau da yawa sai ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, zuwa 400 ko 800 tunda haske na raguwa.

Tsakanin 1/4 na daƙiƙa da daƙiƙa 1 ne yawancin hotunan launi ɗaya masu kyau ke fitowa. Ruwan yana motsi amma bai rasa siffarsa ba, kumfa ta ja zare-zare fari a kan rairayi mai duhu. Sirrin kuwa lokacin dannawa ne. Kada ka danna yayin da ruwa ke tahowa, don a lokacin kumfar dunƙule take ba tsari. Jira ya kai iyakarsa ya fara komawa, sannan ka danna. Komawar ce ke zana layukan da ke jan ido zuwa cikin teku.

Daga daƙiƙa 30 zuwa sama, igiyoyi suna narkewa su koma kamar hazo, sai duwatsu kaɗai su tsaya da kaifinsu. Mutane na son wannan salon sosai, ni kuwa ina ganin an cika yin sa, domin tekun da ya haukace da wanda ya kwanta duk kama ɗaya suke yi a cikinsa. Yana da kyau idan akwai abu tsayayye mai ƙarfin siffa a gaba, kamar dutse ko ginshiƙan tsohuwar gada. A kowane hali fara da ISO 100 da faɗin ramin da haske ke bi a cikin gilashin kyamara f/8 zuwa f/11. Wuce f/16 yana rage kaifin hoto.

Na rage saurin shota, hoton ya fito fari gaba ɗaya. Me zan yi?

Haske ya yi yawa, kana buƙatar filtar ND, wato gilashi mai duhu da ake ɗaurawa a gaban idon kyamara don rage haske ba tare da canza launi ba. Ana auna ta da mataki, kowane mataki yana raba haske biyu. ND8 mataki 3 ce, ND64 mataki 6, ND1000 mataki 10. Idan kyamara ta ba ka 1/30 ba filta, da ND8 za ka sami 1/4. Idan ta ba ka 1/15, da ND64 za ka sami kusan daƙiƙa 4. Idan 1/60 ce, ND1000 za ta kai ka kusan daƙiƙa 17. Ga mai sayen guda ɗaya don yamma, ND64 ta fi amfani. Ka daidaita kaifin hoto kafin ka ɗaura mai duhu sosai, domin kyamara ba ta gani da kyau ta cikinta.

Filtar da ke kashe ƙyalli kuwa ba ta wani aiki idan kana fuskantar rana kai tsaye, ƙarfinta yana gefe ne, kusan digiri 90 daga ranar. Kuma ƙyallin jiƙaƙƙen rairayi a launi ɗaya abin so ne, ba ka son kashe shi.

Idan sama ta fito daidai sai ruwa ya yi baƙi, idan ruwa ya fito sai sama ta ƙone. Laifin kyamarata ne?

A'a, matsalar ta girmi kyamarar dijital da fiye da ƙarni ɗaya. Gustave Le Gray, Bafaranshen da ya yi suna da hotunan teku a shekarun 1856 da 1857, ya fuskanci wannan. Maganinsa a wasu hotunan, har da wanda ya ɗauka a gaɓar Sète ta Bahar Rum, shi ne ɗaukar sama a farantin gilashi ɗaya, irin wanda ake ɗaukar hoto a kansa a zamanin, teku a wani, sannan ya haɗa su a takarda guda wajen wankewa. Abin da ake yi yau bai yi nisa da haka ba: a ɗauki hoto ɗaya don sama, ɗaya don ruwa ba tare da motsa kyamara ba, a haɗa su a kan layin teku. Haɗawa ta atomatik ta hotuna uku ko biyar ba ta yi wa igiya kyau, tunda ruwan ya canza wuri tsakanin ɗauka da ɗauka.

In hoto ɗaya kake so, ka auna haske daga wuri mafi haske, ka duba histogiram, wato jadawalin da ke nuna yawan duhu a hagu da haske a dama. Kada tudun ya manne da bangon dama. Inuwa ana iya ɗago ta a RAW, amma farin da ya ƙone ya tafi ke nan. Ƙwayar ranar ita kanta za ta ƙone, ba komai. Abin da za ka kiyaye shi ne kumfa da gefen gajimare. Ka tuna kuma ba dole a ga komai a cikin inuwa ba. Baƙin dutse ƙirin a hoton launi ɗaya yana ba sauran hoton nauyi.

In saita kyamara a baƙi da fari tun a wurin, ko in mayar daga baya?

Yi duka biyun. Sa kyamara ta adana RAW, sannan ka zaɓi salon baƙi da fari. Allon zai nuna maka hoton ba launi, abin da ke taimaka maka wajen tsarawa, fayil ɗin kuma yana riƙe da launukan duka. Idan JPEG kaɗai ka adana, launin ya tafi, kuma za ka buƙace shi don aikin da za a bayyana a amsa ta gaba. Akwai kuma bambancin zurfi: JPEG matakin haske 256 yake da shi a kowane launi, RAW mai bit 14 yana da 16,384. Akwai kyamarorin da ba sa ganin launi kwata-kwata, irin Leica M Monochrom da ta fito a 2012. Suna ba da kaifi da tsaftar inuwa, amma mai amfani da su sai ya koma ga filtocin gilashi masu launi.

Na cire launi, hoton ya fito lami, sama duk toka ɗaya. Ina kyan ya tafi?

Launuka biyu da ido ke bambantawa sarai suna iya zama da haske iri ɗaya. Gajimare ruwan goro da sararin sama shuɗi sukan koma toka guda idan an zare launi kawai. Don haka kada ka ja ma'aunin launi zuwa sifili ka tsaya nan. Yi amfani da wurin haɗa baƙi da fari, wanda ke Lightroom da Photoshop da kuma manhajojin kyauta irin su darktable da RawTherapee. A nan kai ne ke cewa kowane launi wace irin toka zai zama.

Ga hoton yamma, ɗaga ja da ruwan goro, ka sauke shuɗi. Gajimare zai yi haske, sama ta yi duhu a bayansa. Wannan shi ne aikin da jar filta ke yi wa masu ɗauka da fim tun da daɗewa. Idan rana ta haska igiya daga baya har jikinta ya yi kore-kore, ɗaga kore da launin da ke tsakaninsa da shuɗi, sai igiyar ta yi kamar tana fitar da haske daga ciki. Kada ka sauke shuɗi har ƙarshe, domin zai kawo ɗigo-ɗigo a sama da farin zare a gefen duwatsu.

Bayan haka sai aikin hannu: ƙara haske a kan kumfar da kake son a gani, rage shi a kusurwoyi da wuraren da ke janye hankali. Ansel Adams da Fred Archer sun tsara hanyar raba hoto zuwa matakai 11, daga baƙi tsantsa zuwa fari tsantsa, wajen 1940. Ba sai ka haddace tsarin ba. Amfaninsa a nan shi ne ka tambayi kanka ina baƙin hotonka yake, ina farinsa, kuma kumfar tana dab da fari ne da sauran zane a jikinta ko ta shafe.

Wane launi zan zaɓa: toka zalla, ruwan ƙasa ko shuɗi?

Launukan da manhajoji ke ba ka yau kwaikwayon aikin ɗakin wanke hoto ne, kuma asalinsu yawanci don hoto ya daɗe aka yi su. Sifiya, mai ruwan ƙasa, tana juya azurfar takarda zuwa wani sinadari na azurfa da farar wuta wanda ya fi jure zamani. Seleniyom yana ƙara wa baƙi zurfi, ya ba shi ɗan shunayya. Sayanotaif, mai shuɗi sosai, John Herschel ne ya ƙirƙiro shi a Ingila a 1842 da sinadaran ƙarfe, kuma a 1843 Anna Atkins ta fara fitar da hotunan ciyayin teku da shi.

A aikace, ruwan ƙasa yana mayar wa hoton ɗumin yamma da ka cire, don haka ya dace da wanda aka ɗauka rana na sama, da rairayi mai ƙyalli. Haɗarinsa shi ne yana sa hoto kamar tsohon kaya, kuma yana ƙazantar da kumfa idan ya yi yawa. Shuɗi ya dace da bayan faɗuwar rana, da doguwar ɗauka, da teku mai sanyi da nisa. Idan ka sa shi a hoton da ƙwayar rana ke ciki, mai kallo zai ɗauka wata ne. Toka zalla ko ɗan seleniyom su suka fi wa igiya mai fashewa kyau, inda ƙarfi da kaifi ne zancen.

Launin nan kamar gishiri yake a miya: in an ji shi tun a cokalin farko, ya yi yawa. Sa shi har ka gan shi, sannan ka rage rabi. Kuma ka bar shi ya zama aikin ƙarshe, bayan ka gama abin da aka bayyana a amsar da ta gabata. Idan hotuna da yawa za ka jera tare, ka ba su launi iri ɗaya.

Ana iya sa launi biyu, ɗaya a haske ɗaya a inuwa?

Ana yi, kuma ya dace da yamma: ɗan ɗumi a wuraren haske, ɗan sanyi a inuwa, kamar yadda ido ke gani a wurin. A ƙa'ida hoton ya fita daga launi ɗaya ke nan, saboda haka in gasa za ka shiga ka karanta sharuɗɗanta, da yawa ba sa karɓar irin wannan a rukunin launi ɗaya.

A ina zan sa layin da sama ta haɗu da teku?

Farko dai ya miƙe. Ruwa ba ya karkata, kuma ko digiri ɗaya ido yana kamawa, balle a hoton da babu launin da zai ɗauke hankali. Kunna ma'aunin daidaito na kyamara. Wajen tsayi, ba wa ɓangaren da ya fi magana fili mafi yawa: in kumfa ce a gaba, ɗaga layin sama, ka sauke kyamara kusa da ƙasa. Ana yawan cewa kada a sa shi a tsakiya, amma Hiroshi Sugimoto na Japan ya fara jerin hotunan teku a baƙi da fari a 1980, kuma a tsakiya yake sa layin, rabi sama rabi ruwa.

Yaya zan tsare kaina da kayana a bakin ruwa?

Duba jadawalin cikar teku kafin ka fita. A yawancin gaɓoɓi teku yana cika sau biyu a yini, tsakaninsu kusan awa 12 da minti 25, kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. Cika da janyewa sun fi ƙarfi a kwanakin sabon wata da cikarsa. Dutsen da ka hau da ƙafa a bushe yana iya zama tsibiri kafin duhu. Igiyoyi kuma rukuni-rukuni suke zuwa, ƙanana da yawa sannan manya, wani lokaci guda ɗaya ta zarce duka ba sanarwa. Tsaya ka kalli ruwan na ɗan lokaci kafin ka kafa kaya, kada ka ba teku baya, kuma ka riƙe fitila don komawa. Kada ka kalli rana ta madubin leƙe na kyamara mai gilashin jawo nesa, yi amfani da allo.

A kan jiƙaƙƙen rairayi, danna ƙafafun mazauni su nutse sosai, in ba haka ba ruwa mai komawa zai kwashe rairayin ƙarƙashinsu hoton ya girgiza. Fara da zaro gaɓar ƙasa ta kowace ƙafa domin makullan su yi nesa da yashi. Kada ka canza gilashi inda iska ke kawo feshi. Riƙa duba gabansa a kai a kai, don ɗigon gishiri yana zama hazo idan rana ta haska shi. Da ka koma, wanke mazaunin da ruwan daɗi, ka goge jikin kyamara da ƙyalle mai ɗan danshi.

Me ya sa sama ke yin layi-layi bayan gyara, kuma bugun takarda ke fitowa da duhu ko da ɗan kore?

Layi-layin yana faruwa ne idan matakan toka ba su isa su cike sauyi mai laushi daga haske zuwa duhu ba, kuma samaniyar yamma ita ce wurin da ya fi nunawa. Yi gyara a bit 16 daga RAW, kada ka mayar JPEG sai a ƙarshe. In har yanzu yana nan, ƙara ɗan ɓarɓashi irin na fim, yana wargaza layukan.

Duhun bugu yawanci daga allo ne: yana da haske fiye da takarda, sai ka gyara hoton ya yi duhu ba ka sani ba. Rage hasken allo kafin gyara. Ɗan kore ko ɗan ja kuwa yana zuwa ne daga injin da ke haɗa toka da tawada masu launi. Nemi injin da ke da tawadar baƙi da ta toka fiye da ɗaya, ko ka sa wa hoton ɗan ɗumi da gangan, wanda ke rufe ƙaramar karkata. Takarda mai ƙyalli tana ba da baƙi mai zurfi, ta dace da igiya mai fashewa. Marar ƙyalli tana tausasa baƙi, ta fi dacewa da doguwar ɗauka. Kafin babban bugu, buga ɗan yanki da ya haɗa kumfa da inuwa mafi duhu a girmansa na ainihi, ka duba shi a irin hasken ɗakin da za a rataye shi.